F-150 ko F-250: wacce ta dace da tirelar kwana mai laba 7,500?

Assalamu alaikum. Alhaji, na karanta tambayarka sau biyu kafin in amsa. Ka ce ka ga tirelar kwana, wato ɗan gidan nan mai taya da ake ja da mota, tsawonta ƙafa 29, nauyinta ba kaya laba 5,800, iyakar nauyinta da kaya laba 7,500. Kana da a-kori-kurar Ford F-150 mai ƙofa huɗu, dillali kuma ya ce maka za ta ja ta hankali kwance. Kana so ka tashi daga jihar Ohayo ta Amurka da Hajiya da yara uku ku nufi jihar Kolorado lokacin hutun makaranta. To, ka ci gaba da wadda ke hannunka, ko ka sauya ta da babbar yayarta F-250?

Na ja tirela da a-kori-kura iri biyun nan, don haka abin da jikina ya ji zan faɗa maka.

Ta fuskar ƙarfin ja zalla, dillalin bai yi ƙarya ba. A 2021 kamfanin Ford ya tallata cewa F-150 mai injin EcoBoost lita 3.5 tana iya jan laba 14,000 in an haɗa ta da kayan da suka dace. Ba da ka aka fitar da lambar ba, akwai ƙa'idar gwaji mai suna SAE J2807, wadda a cikinta ake hawa doguwar tudar Davis Dam ta jihar Arizona, mil 11.4, cikin zafi, da na'urar sanyaya mota a kunne. Sai dai gwajin yana ƙiyasta direba da fasinja ɗaya ne kawai, kowanne laba 150, bodi babu komai. Kai kuwa da iyalinka da tukwanen Hajiya za ka tafi.

Abin da zai yanke maka hukunci yana jikin motarka. Buɗe ƙofar direba, ka duba ginshiƙin ƙofar, za ka ga sitika mai ruwan ɗorawa da fari. A kanta an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar, ita kaɗai, za ta ɗauka. Kowace mota da tata lambar, domin duk abin ƙawa da aka ƙara mata, kujerun fata ne, rufin gilashi ne, daga cikin wannan lambar ake cire nauyinsa. Tawa ta farko, F-150, laba 1,640 aka rubuta mata. Masu ƙofa huɗu da na leƙa a wajen abokai, yawancinsu tsakanin 1,500 da 1,900 suke. F-250 mai fetur da nake da ita yanzu ta ɗan haura 3,000.

Yanzu mu yi lissafi tare. Manta da 5,800 ɗin nan, ba wanda ya taɓa yin tafiya da tirela fayau. Galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne, tanki mai galan 40 ya kai 330 ke nan. Ƙara tulun gas biyu, batir, katifu, buhun shinkafa, kayan sawa, kekunan yara. Kafin ka ankara ka kai 7,000. Wuyan tirela kuma, wato ƙarfen gabanta da ake maƙalawa a mota, dole ya danna bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, in ya gaza haka za ta riƙa kaɗa wutsiya a kan hanya. Mu ɗauki kashi 13, laba 910. Shi kansa ƙarfen da ke haɗa mota da tirela, mai raba nauyi, ya kusa laba 100. Ka ga an haura dubu ɗaya tun ba wanda ya shiga mota. Ku biyar, a ce 650. Janareta, kula, itacen hura wuta, akwatin sifana, a ce 200. Jimla 1,860. A kan sitika irin tawa ta farko ka yi obalodi da laba 220, alhali ko rabin abin da injin zai iya ja ba ka wuce ba. A kan F-250 kuwa kana da rarar fiye da dubu.

Wannan shi ne bambancin da ya fi kowanne girma, sauran duk rassansa ne.

Na daɗe ina ganin lissafin nan kamar tsoron banza ne, sai da wata rana a babbar hanyar I-80 cikin jihar Nebaraska, iska na bugowa ta gefe, wata babbar tirelar kaya ta wuce ni. Na ji bayan motata ya tafi dama, ya dawo hagu, sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar ƙafafun gaba ba sa taɓa kwalta. A madubi ina kallon gefen tirelar yana fitowa yana ɓuya. Na ɗage ƙafa daga totur, ban taka birkin mota ba, na matse ɗan makunnin birkin tirela da yatsu biyu, sai ta miƙe. Uwargida ba ta ce komai ba, salati kawai take yi ƙasa-ƙasa, yara na barci a baya. Da muka tsaya a tashar manyan motoci na hau sikelin CAT, wanda ke auna ƙafar gaba, ƙafar baya da tirela kowanne daban. Takardar ta nuna ƙafar baya ta wuce iyakarta, ta gaba kuma ta yi sauƙi. Ni na loda ta haka, kuma na cika tankin ruwa da ke can bayan tirelar. Tun daga ranar ba na fita doguwar tafiya ban hau sikeli ba, kuɗinsa bai kai na abincin rana na mutum biyu ba.

F-250 ta fi nauyi nesa ba kusa ba, sifirin ɗinta masu kauri ne, birkinta manya, tayoyinta kuma irin na lodi ne masu taurin gefe, waɗanda lambarsu ke farawa da LT. Idan iska ta ture tirela, motar ce ke riƙe ta. A ƙarama sau da yawa tirelar ce ke juya motar, musamman doguwa mai ƙafa 29 da gefenta yake kamar bangon ɗaki.

Tun da Kolorado ka nufa, ka san da cewa hanyar I-70 tana ratsa ramin Eisenhower a tsayin ƙafa 11,158, daga nan kuma gangara ce mai tsawo har garin Silverthorne. A wajen hawa, gaskiya EcoBoost ba ta da kunya, domin tana da tabo mai cusa wa injin iska, ba ta shaƙewa a kan dutse. Injin fetur lita 7.3 na F-250 ba shi da tabo, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu ta hawa, za ka ji yana kuka amma zai kai ka. A gangara ne labari ke sauyawa. Ƙaramin inji ba ya riƙe mota sosai idan ka sauko da giya, sai ka koma kan birki, birki kuma in ya yi zafi ya daina kamawa. Babban inji yana riƙewa. F-250 mai dizal lita 6.7 ta fi su duka, tana da birkin salansa, mai toshe hayaƙi don inji ya riƙe mota. Amma ban ba ka shawarar dizal ba: tsadarta ta yi yawa, gyaranta haka, nauyin injin kuma yana cinye ɗaruruwan laba daga cikin abin da za ta ɗauka. Tirelar laba 7,500 ba ta buƙatarta.

Ba zan ɓoye maka inda F-150 ta yi zarra ba. Kwana nawa za ka ja tirela a shekara? Wataƙila ashirin. Sauran kwanakin aiki za ka je, ka kai yara makaranta, ka je masallacin Juma'a inda wurin ajiye mota ya yi ƙaranci. Nan F-150 tana da laushi kamar ƙaramar mota, ba ta shan mai sosai, tana shiga gareji. F-250 in ba kaya a bayanta duk ramin da ta taka sai ka ji shi a ƙugunka, tana da tsayin hawa ga mata da tsofaffi, kuma mai take sha ba wasa. Da tirela a baya kam kusan ɗaya suke, ni dai mil 8 zuwa 10 nake samu a galan da kowacce.

Wani zai ce ka sa wa F-150 balan-balan ɗin iska a ƙafar baya. Suna ɗaga bayan motar ta daidaita a ido, amma ba sa ƙara ko laba ɗaya a kan lambar sitika, domin birki da taya da aksul suna nan yadda suke. Abin da ke taimakawa da gaske shi ne mahaɗi mai raba nauyi da hana lilo, irin su Equal-i-zer ko Blue Ox, wanda sandunansa biyu ke mayar da wani kaso na nauyin zuwa ƙafar gaba. Wannan ko F-250 ka saya ka sa shi. Sauya batir mai ruwa da na litiyam ma yana rage wa wuyan tirela kusan rabin nauyin batir, kaɗan ne amma ba a raina shi.

Ko wacce ka zaɓa, ita tirelar tana da nata haƙƙin. Kamfanin Dexter mai ƙera aksul ya ce a buɗe boris a sake masa giris duk wata 12 ko mil 12,000. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, ni in ta kai shekara biyar nake cire ta. Da yawa daga cikinsu iyakar gudunsu mil 65 a awa ne. Ka riƙa ɗaure notin taya bayan tafiyar farko, ka kuma hau rufi sau biyu a shekara ka duba inda gam ya tsage, domin ɗigon ruwa ne ke ruɓar da katakon ciki ba tare da ka gani ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai, Alhaji. In zuciyarka ta kwanta da wannan tirelar mai ƙafa 29, nemi F-250 mai fetur, ko da ta hannu ce mai lafiya. In kuma ba ka son rabuwa da motarka, kuma ina ganin dalilinka, to sauko da tirelar: wadda iyakar nauyinta bai wuce laba 5,500 ba, tsawo ƙafa 22 zuwa 24, mai gadaje hawa biyu saboda yara. Wuyanta zai danna da kusan laba 700, kayan bodi kuma ka mayar da su cikin tirela a kan tayoyinta, lissafin zai fita.

Kafin ka ba dillali ko sisi, ɗauki hoton sitikar ƙofarka da ta jikin tirelar, gefen hagu ta gaba, ka turo mu sake lissafin da lambobinka na gaskiya. Allah Ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya da yara.