Na Sake Kallon Matrix Kashi Na Biyu Da Na Uku

Ranar Asabar na leƙa wajen wani mai tura fina-finai a Kasuwar Barci ya zuba min Matrix guda ukun nan a filas, saboda ƙanina bai taɓa ganinsu ba kuma kullum sai ya ji ina maganar Neo, jarumin fim ɗin. Aikin yaron ya yi kyau gaskiya, hoto garau, sauti ba tangarɗa, abu ɗaya ne ya ɓata min rai, na biyun babu rubutun ƙasa, alhali shi ne ya fi buƙatarsa. In za ku karɓa ku sa a buɗe muku a wajen ku gani tukuna.

Na farkon na 1999 ba sai na ja zance ba, kyautar Oska huɗu ya ci. Maganata a kan na biyu da na uku ce, Reloaded da Revolutions, waɗanda aka ɗauka a tare aka sake su duk a 2003, ɗaya a watan Mayu ɗaya a Nuwamba.

Reloaded yana da wajen da har yau ban ga kamarsa ba, tseren nan na kan babban titi. Titin ma gina shi suka yi musamman saboda fim ɗin, sama da kilomita 2, a wani tsohon sansanin sojan ruwa a Alameda ta jihar Kalifoniya, kamfanin GM ya ba su motoci wajen 300 na fasawa. Lokacin da Trinity, budurwar Neo, ta goya tsohon nan mai makullai a kan babur ƙirar Ducati ta juya tana ratsa motoci hannun da ba nata ba, ƙanina shayi ne a hannunsa, har ya huce bai kurɓa ba, sai cewa yake Yaya mayar baya mu sake gani. Ƙarfe ne na gaske yake haɗuwa da ƙarfe shi ya sa jikinka yake amsawa.

To amma faɗan Neo da bos ɗin fim ɗin, Smith, da ya rikiɗa ya zama mutum ɗari fa? Farkonsa da daɗi, hannun mai tsara faɗa Yuen Woo-ping ne, daga baya sai kwamfuta ta karɓe aikin, fuskar Keanu Reeves da ya fito a Neo ta koma sumul kamar ta cikin gem. Kuma a nan ne na gane ainihin abin da yake damuna da fina-finan biyu. A na farko kana jin tsoro, in Agent, wato jami'in tsaron injina, ya bayyana gudu ake cewa a yi, Neo yana shan duka har jini ya fito masa a baki. Yanzu yana tsayar da harsashi da tafin hannu, in ya gaji da faɗa ya tashi sama ya tafi abinsa, to me zai sa gabanka ya faɗi? Jarumin da bos ba zai iya masa komai ba ai an gama da shi.

Maganar Architect, wanda ya tsara duniyar Matrix, kuwa ni ina sonta, duk da turancin da ya yi ta zubawa. Cewa Neo shi ne na shida, an rushe Zion, garin da ya rage wa 'yan Adam, sau biyar kafin shi, har tawayen ma cikin tsarin injinan yake, wannan zancen zaɓi da ƙaddara ne wanda muka daɗe muna yinsa a majalisa bayan Isha. Sai dai sun cusa shi a baki ɗaya cikin 'yan mintuna maimakon su nuna mana. Sau biyu na tsayar ina yi wa ƙanina bayani. Akwai kuma rawar cikin kogon Zion da abin da ke biye da ita, in da yara ko iyaye a falo ku tsallake wajen tun da wuri.

Revolutions shi ya fi ba ni takaici. An ajiye Neo da Trinity gefe tsawon lokaci ana nuna yaƙin tashar jiragen Zion, harbi ba iyaka, mutanen da ba mu shaƙu da su ba suna mutuwa, Morpheus, jagoran Neo, da ya riƙe na farko ya koma ɗan rakiya a kujerar jirgin da Niobe take tuƙawa. Canjin wadda take fitowa a Oracle, tsohuwar nan mai duba, ban ga laifinsu ba, Gloria Foster ta rasu a 2001 ne Mary Alice ta karɓa, kuma ta yi ƙoƙari. Wajen da ya taɓa ni shi ne tashar jirgin ƙasa, inda Ba'indiyen nan yake gaya wa Neo abin da ya sadaukar don 'yarsa Sati ta tsira, shi ba mutum ba amma yana maganar so. Da sun bi wannan zaren da fim ɗin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Na biyun na bar shi a filas zan sake kallo, na ukun sau ɗaya ya ishe ni. Ƙanina dai ya ce bai yarda Neo ya mutu ba, yana so in koma a tura mana na huɗu, na 2021.