Sabis ɗin da aka yi wa Boxer ɗina na hannu a Tudun Wada

Wata uku ke nan da na sayi babur ƙirar Boxer na hannu a Sabon Garin Zariya, don haka yanzu ina da bakin magana a kan gyaran da aka yi masa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Tudun Wada zuwa Samaru yake cinye mini albashi, sabon babur kuwa ya fi ƙarfina. Dillali ya wanke wannan tas, har taya yana sheƙi. Kik ɗaya ya tashi. Ya ce, “Malam, hau kawai, ko Kano ka nufa sai dai ka gaji.” Ban lura ba cewa injin da ɗumi na same shi, wato an riga an tashe shi kafin in iso.

Wani maƙwabcina ɗan acaɓa ya haɗa ni da bakanikensa, dattijo mai aiki a gindin darbejiya, ba rumfa ba allo. Abin da ya fara ce mini shi ne in bar babur ɗin ya kwana. Na ce, “Baba, ai baƙin mai kawai za a canza.” Ya ce babur da safe yake faɗin gaskiya.

Da sassafe kuwa sai da aka yi kik bakwai, ga hayaƙi shuɗi-shuɗi yana fita daga salansa. Ya bayyana mini cewa baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, aikin kafireta ke nan, amma shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa, ringi ya ci. Ya kwance fulogi ya miƙo mini: kansa jiƙe, baƙi ƙirin. Da ya tsiyaye man injin a gwangwani sai ga shi da kauri kamar zuma. Ya dangwala yatsa, ya murza, ya ɗaga a rana yana neman ƙyallin ƙarfe. Ya ce wasu masu sayarwa kan zuba mai kauri don ya danne ƙarar inji na ƴan kwanaki. Allah ya taimake ni, fistin da sauransa, ringi da gasket kawai aka canza, aka saita bawul, aka zuba baƙin mai mai lamba 20W-50 kusan lita ɗaya.

Wurin da na so yin rowa shi ne cen. Na ce a sa sabo a bar sufuroket. Ya juya tayar baya ya nuna mini haƙoran, duk sun lanƙwashe kamar bakin lauje. Ya ce sabon cen a kan wannan ba zai kai damina ba, tare ake canza su, na gaba da na baya. Ya ɗaure shi ya bar masa wasa kamar faɗin yatsa biyu. Taya kuma, ni zane nake kallo, shi lamba yake karantawa: 1819 a gefen ta gaba, wato mako na 18 na shekarar 2019 aka yi ta. Zanen yana nan, amma robar ta bushe ta tsattsage. Ita ma ta tafi. Birki gaba da baya, soson iska da ƙurar hunturu ta toshe, wayar kulochi, waɗannan duk ƙananan kuɗi ne.

Abin da ya fi burge ni, bai sayo kaya da kansa ba. Ya haɗa ni da yaronsa muka je na biya da hannuna, kuma duk abin da aka cire ya zuba mini a leda. Jimilla gyaran ya ci kusan kashi ɗaya cikin shida na kuɗin babur ɗin. Da na sani da na rage wannan a ciniki.

Amma akwai inda ya gaza. Kwana biyu ya ce, sai da na yi biyar ina zarya, domin duk ɗan acaɓan da ya tsaya da ƙaramar matsala sai a ajiye nawa a sallame shi tukuna. Yaransa sun ɓatar da noti guda na murfin gefe suka ɗaure da waya, ba wanda ya gaya mini. Wuta kuwa ba fanninsa ba ce, kuma bai faɗa ba. Ruwan farko da ya dake ni a Kwangila, sigina da hon suka ɗauke gaba ɗaya, sai da na kai wa mai wayarin ya warware tarin salatif da aka naɗa a ƙarƙashin tanki.

Takardu ba aikinsa ba ne, duk da haka shi ya goge lambar inji da ta jikin babur da tsumma da fetur ya ce in gwada da rasit. Sun yi daidai. Gabana ya faɗi a lokacin, don wannan tun kafin in biya ya kamata in duba, a garin da satar babur ba baƙon abu ba ne. Daga nan na yi lamba, na sayi hular kwano, yanzu ina wuce ƴan KASTLEA, jami'an kula da dokokin hanya na Jihar Kaduna, hankalina kwance.

Ya ce kada in ja totur sosai sai sabon ringi ya zauna, in dawo bayan kilomita 500 a sake mai. Na koma, kuma can zan ci gaba da kai inji, wuta dai a wani wurin. Notin murfin har yau bakaniken yana ce mini gobe.