Gargaɗi: masu tallar "sabon Chrome" na Windows 7 akwatin imel ɗinku suke nema

Assalamu alaikum. Duk wanda yake da tsohuwar kwamfuta a shago ko ofis ko gida, ko yake da dattijon da ke aiki da irinta, don Allah ya daure ya karanta wannan. Akwai wasu da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook suna tallar wai sabon Chrome (burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet) da zai hau kan Windows 7, ya buɗe Gmail garau ba tangarɗa. Kuɗin da suke karɓa bai taka kara ya karya ba, naira dubu uku zuwa biyar. Wannan ɗan kuɗin tsaba ce kawai ake watsa wa kaza. Sun yi wa kawuna, kuma ni na zauna a gaban kwamfutarsa na ga ɓarnar da suka bari a ciki da idona.

Kawu yana harkar riɗi da zoɓo a nan Kano. Yana tarawa daga kasuwannin ƙauye, ya loda wa wani kamfani a Legas. Duk takardun cinikin ta imel suke bi, daga na farashi har na neman biya. Kwamfutarsa ta tebur ce, 'yar Beljiyam, ta haura shekara goma a hannunsa, Windows 7 ce a kanta. Bai taɓa ganin dalilin canja ta ba, tunda tana buɗe masa Excel, tana buga takarda, ita da firintarsa sun saba da juna.

Sai dai duniya ta tafi ta bar ta a baya. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun ranar 14 ga Janairun 2020, wato duk wata ɓaraka da aka gano a jikinta bayan wannan rana, ba mai ɗinke wa talaka ita. Google ya ɗan ƙara lallaɓawa har farkon 2023, sannan ya tsaya a Chrome 109. Daga 110 zuwa sama, sai mai Windows 10 ko wadda ta fi ta. Edge, burauzar Microsoft, ma a 109 ɗin ya tsaya. Shi kuwa Gmail kullum cikin yi masa sabon gini ake, kuma Google ya faɗa a fili cewa burauzar yanzu da wadda ta gabace ta kaɗai yake ba da tabbacin aikinsa a kansu. Abin da ya daɗe yana rufa wa irin su Kawu asiri shi ne tsohon shafin Gmail ɗin nan mara nauyi, wanda ba kwalliya ba komai sai rubutu, ko netwok ya yi rauni yana buɗewa. A farkon 2024 Google ya rufe shi. Tun daga nan Kawu ya shiga wahala. Akwatin zai buɗe da ƙyar, ya danna wasiƙa ta tsaya tana juyi, ya zo maƙala takarda kwamfutar ta daskare, ga kuma sanarwa a sama kullum tana cewa an daina tallafa wa wannan burauza.

A cikin wannan hali ya ga tallar a wani guruf na 'yan kasuwa. Ya yi wa mai lambar magana, nan take aka kira shi. Kawu ya ce yaron akwai ladabi, Hausarsa tas, "Baba" yake ce masa, "ranka ya daɗe" ba ta fita daga bakinsa. Ya ce masa matsalar ƙarama ce, wai Google ya fitar da wani Chrome na musamman don manyan kamfanoni masu tsofaffin kwamfutoci, su kuma suna da lasisinsa. Naira dubu huɗu ne, kuma sai aiki ya yi kyau za a biya. Wannan maganar ta biya daga baya ita ta kwantar wa Kawu da hankali, don a tunaninsa macuci kuɗi yake fara karɓa.

Ya sa shi ya sauke AnyDesk, ya karanto masa lambar da ta fito, ya danna amincewa. AnyDesk manhaja ce ta halal, mu masu gyara muna aiki da ita, amma da zarar ka ba mutum wannan lamba ka amince masa, ka miƙa masa kwamfutarka ne kamar yana zaune a kujerarka. Kawu ya ce yana kallo kibiyar linzami tana yawo da kanta a fuskar kwamfutar, tana buɗe wannan tana rufe wancan, har abin ya burge shi. Yaron ya ce sai an kashe manhajar kariya daga bairos "don kada ta hana lasisin zama", ya kashe. Ya shigo da wani ƙunshin fayil mai kalmar sirri, ya kwance, ya girka. Sannan ya ce, "Baba, yanzu shiga imel ɗinka mu gwada." Kawu ya buga kalmar sirrinsa, lambar tabbatarwa ta shigo wayarsa, ya saka. Sanarwar nan da ta dame shi ta ɓace. Ya tura dubu huɗu, har da addu'ar Allah Ya yi wa yaro albarka.

Kusan mako uku ba abin da ya faru. Kawu ya loda kaya, ya tura takardar neman biya kamar yadda ya saba, ya zauna jiran alat. Shiru. Da ya kira mutanen Legas sai suka ce ai sun biya tun kwana huɗu da suka wuce, a sabon asusun da ya turo musu. Ya ce wane sabon asusu? Suka turo masa hoton wasiƙar. Daga adireshinsa ta fito, da sunansa a ƙasa, da irin gaisuwar da yake buɗe wasiƙa da ita, tana cewa tsohon asusun ya samu matsala a banki, a biya a wannan. Naira dubu 870 suka tafi.

Da daddare ya kira ni, muryarsa a sanyaye. Na ce, "Kawu, me ya hana ka neme ni tun farko?" Ya ce, "Ɗan nan, na ga kana da hidimarka, abin dubu huɗu kuma bai kai in taso ka ba." Wannan amsar har yau tana ci mini rai, domin na san kwamfutar ta tsufa, na daɗe ina cewa zan je in duba ta.

Washegari da sassafe na je. Abu na farko, na buga chrome://version a wurin adireshi. Chrome 109 ne, shi ɗin dai na da, ba abin da aka sabunta. Abin da yaron ya yi shi ne ya sa burauzar ta riƙa yi wa Gmail ƙaryar cewa ita sabuwa ce, shi ya sa sanarwar ta ɓace. Wannan ba wani aiki ba ne, layi ɗaya ake ƙarawa a gunkin da ke kan fuskar kwamfuta. Ainihin aikinsa yana cikin saitin Gmail. Na tarar an buɗe tura wasiƙu zuwa wani adireshin da Kawu bai sani ba. Na tarar da matata (filta, wato ƙa'idar tace wasiƙu) guda biyu da aka kafa: duk wasiƙar da ta zo daga kamfanin Legas, a tura wa wancan adireshi, a kuma kawar da ita daga gaban Kawu. Saboda haka har tambayar da suka yi masa, "Alhaji, ka tabbata an canja asusu?", bai gan ta ba, ɓarawon ne ya amsa da sunansa. Gmail yakan saka sanarwa a saman akwati na tsawon mako guda idan aka buɗe tura wasiƙu. Kawu ya tuna ya ga wani rubutun Turanci a wurin, amma ya ɗauka yana cikin kayan sabon Chrome ɗin ne.

Wani zai ce ai shi yana da tabbatarwa ta mataki biyu, sai lamba ta shigo wayarsa. Kawu ma yana da ita. Ku fahimci yadda abin yake: idan ka shiga imel sau ɗaya, burauza tana ajiye wata 'yar shaida da ake kira kuki, wadda ke gaya wa Gmail cewa an riga an tantance ka, kada a sake tambayarka. Irin fayil ɗin da suke girkawa aikinsa kenan, ya kwashe waɗannan shaidu da duk kalmomin sirrin da ka bar wa burauza ta riƙe maka, ya aika musu. Wanda ya samu shaidar ba ya buƙatar lambar wayarka. A kan Kawu ma ba su sha wannan wahalar ba, tunda shi da hannunsa ya buɗe musu akwatin suna ciki.

Don haka ku riƙe wannan da kyau. Google ba ya sayar da Chrome, kyauta ne tun ranar da aka fitar da shi a 2008. Babu wani Chrome na Google da ya wuce 109 da ke hawa Windows 7 ko 8.1, kuma babu wani wakili da aka ba lasisin rabawa a WhatsApp. Gaskiya ne akwai masu sa kai da ke gina burauza don tsofaffin Windows, irin su Supermium, amma su ma kyauta suke bayarwa a shafinsu, kuma ni dai ba zan ɗora dukiyar mutum a kansu ba, saboda ko burauzar ta yi kyau, gidan da take zaune a ciki katangarsa ta zube. Duk wanda ya ce ka kashe manhajar kariya kafin ya girka maka abu, ka kashe wayar. Duk wanda ba ka san fuskarsa da shagonsa ba ya nemi lambar AnyDesk ko TeamViewer, kada ka bayar ko da ya rantse da Alƙur'ani.

Akwai ƙanin wannan damfara da ba ya buƙatar kira. Kana cikin wani shafi sai allo ya rufe da tambarin Chrome ko Firefox, a ce burauzarka ta tsufa, danna nan ka sabunta. Mai tsohuwar kwamfuta shi ya fi saurin faɗawa, domin ya san maganar tsufan gaskiya ce. Burauza ba ta sabuntuwa ta hanyar shafin wani, daga cikin saitinta take yi.

To, mene ne mafita ga wanda ba shi da kuɗin sabuwar kwamfuta? Na san halin da ake ciki, ba zan ce kowa ya je kasuwa gobe ba. Firefox 115 ESR shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7 da 8.1, kuma Mozilla, masu yin sa, ta yi ta ƙara masa wa'adin gyaran tsaro bayan Chrome ya janye. A sauke shi daga mozilla.org kaɗai, a kuma ɗauke shi a matsayin inuwar ɗan lokaci. Wanda ya fi wannan sauƙi, a mayar da harkar imel kan waya, ta manhajar Gmail, a bar wa kwamfutar aikin buga takardu ba tare da intanet ba. Hanyar hawa Windows 10 kyauta daga Windows 7 Microsoft ya toshe ta a Satumban 2023, ita kanta Windows 10 ɗin wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana da sharuɗɗan da yawancin kwamfutocin zamanin Windows 7 ba su cika ba. Abin da na fi ba mutane shawara shi ne Linux Mint, wadda ake girkawa a madadin Windows. Kyauta ce, tana tafiya a kan kwamfuta mai 64-bit ko da ram ɗinta gigabait 2 ne, ko da yake 4 ya fi daɗi, kuma sabon Firefox da sabon Chrome duka suna hawa kanta. Mutum zai yi 'yan kwanaki yana laluben inda abubuwa suke, sannan a fara gwada firinta kafin a goge komai.

Wanda kuma ya riga ya bari suka shiga, kada ya tsaya jin kunya. A cire kwamfutar daga intanet yanzu. A ɗauki waya, ba ita kwamfutar ba, a canja kalmar sirrin imel, a shiga sashen tsaro na asusun Google a fitar da duk na'urar da ba a sani ba, a duba ko an canja lambar waya da adireshin dawo da asusu. Sai a buɗe saitin Gmail a wata kwamfutar mai lafiya, a duba wurin tura wasiƙu da wurin matata. Nan ne mutane suke mantawa, su canja kalmar sirri su ɗauka an gama, alhali wasiƙunsu na ci gaba da zuba a hannun ɓarawo. Idan an riga an kulle ka a waje, g.co/recover ita ce ƙofar Google ta gaskiya. A kira duk abokan ciniki da baki a gaya musu kada su biya a kowane sabon asusu sai sun ji muryarka. Duk wata kalmar sirri da burauzar ta taɓa riƙewa, ta banki ko ta Facebook, a canja ta. Kwamfutar kuma goge ta za a yi gaba ɗaya bayan an kwashe takardu, cire fayil ɗaya ba ya wadatarwa.

Mu mun sanar da banki a ranar, kamfanin Legas ma ya sanar da nasa, mun kuma kai ƙorafi hukumar EFCC da hotunan hirar da lambar asusun. An ce mana an kwashe kuɗin tun ranar da suka shiga. Kawu da kamfanin sun zauna sun raba asarar, albarkacin shekarun da suka yi suna hulɗa. Kwamfutarsa yanzu Linux Mint ce a kanta, kuma sun yi yarjejeniya da mutanen Legas cewa ba a canja asusu sai ta waya. Lambar da ta kira shi a kashe take, amma makon jiya wani abokin aikina ya turo mini hoton tallar daga wani guruf na masu shagunan buga takardu. Rubutun iri ɗaya ne, lambar waya ce kawai daban, an kuma ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa yanzu har masu Windows 10 ana yi musu.