Kwabo mai huji, kwabo mai kuskuren bugu ko na'urar tono: wanne ya kamata ka fara saye?

Wanda sha'awar tara tsofaffin sulalla ta kama, yawanci bidiyo ne ya ja shi: ko dai an nuna wani kwabon Amurka da aka ce ya yi miliyoyi, ko kuma wani Bature yana yawo a gona da na'urar gano ƙarfe tana ƙara, ya tona ya ciro kuɗin zamanin da. Daga nan sai ya fara tambayar farashin na'ura. Ni kuwa shawarata ita ce na'urar ta zo a ƙarshe. Kuɗinka na farko ka sa su a ƙananan kayan aiki uku: madubin ƙara girma mai ninki 10, ɗan sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal wanda ke auna 0.01 na giram, da mayen ƙarfe. Duka ukun ba su kai kuɗin na'ura mafi araha ba, kuma su ne za su hana a cuce ka.

Idan ka mallake su, abin da ya fi dacewa ka fara tarawa shi ne namu na gida, wato anini (kashi ɗaya cikin goma na kwabo), ɗari (rabin kwabo) da kwabo masu huji na zamanin Turawa. An fara buga anini da kwabo a 1907, kuma aninin shekarar na alminiyom ne, wanda masana ke lissafawa cikin kuɗin alminiyom na farko da aka kashe a duniya. Bai jure ba, shi ya sa a 1908 aka koma garwin tagulla da nikel. Kwabon ya ci gaba da fitowa fari har 1951, daga 1952 ya koma jan tagulla. Ɗauki ɗaya ka duba da madubi: gefe guda tauraro ne mai tsini shida da shekara a ƙasa, ɗaya gefen kuma kambi ne a saman hujin, da darajar kuɗin a rubuce da boko da kuma harafin Larabci. A wasu za ka ga ɗan ƙaramin harafi. H na nufin kamfanin Heaton na Birmingham ne ya buga, KN kuma na King's Norton. Wanda ba shi da harafi daga masana'antar buga kuɗi ta gwamnatin Ingila ya fito. Shekara ɗaya, amma bambancin wannan ɗan harafin kan sa farashi ya bambanta, kuma a nan daɗin abin yake.

Akwai na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus kafin ya cika shekara a kan karaga. A Ingila kanta ba a fitar wa jama'a kuɗi da sunansa ba, amma a Afirka ta Yamma an fitar. Sai dai kada wani ya ruɗe ka da wannan labarin ya yanka maka farashi, domin an buga shi da yawan gaske, ba shi da wuyar samu. Haka ma kwabon Tarayyar Najeriya na 1959, wanda aka kashe har zuwan naira da kwabo a 1973. Ana samun irin waɗannan a adakar kakanni da wurin masu sayar da kayan da, kuma mafi yawansu ba su da tsada. Jita-jitar da ke yawo cewa kowane kwabo mai huji dukiya ce, ƙarya ce. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka wanke su da lemon tsami ko toka, kada ka goge su don su yi ƙyalli. Dattin shekarun nan da ke jikinsu yana cikin darajarsu, mai saye na gaske da ya ga an goge sai ya ja baya.

Kwabo mai kuskuren bugu kuwa, kasuwarsa a Amurka take, kuma a nan ne ƙafa ke zamewa. A 1943, saboda yaƙi ya cinye tagulla, Amurka ta buga kwabonta da ƙarfe mai rufin zinki. Wasu 'yan ƙalilan suka fita da tagulla bisa kuskure, kuma ɗaya daga cikinsu, bugun Denver, an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Jabunsa ya fi na gaskiyar yawa nesa ba kusa ba. Wasu sukan shafa wa na ƙarfen ruwan tagulla, to wannan mayen ƙarfe zai cafke shi nan take. Wasu kuma sukan kankare lamba 8 ta 1948 ta koma 3, wannan sai madubi. Sikeli ma na magana: na tagulla giram 3.11 ne, na ƙarfe 2.7. Sai na 1955 wanda hatimin da aka buga shi da shi ya zo da rubutu biyu-biyu, har ido tsirara na ganin shekarar ta ruɓanya. Akwai wani ruɓanyawar da girgizar inji ke haifarwa, wanda a madubi yake fitowa a baje kamar matakala. Shi ba ya da wata daraja, amma shi ne ake cika tallatawa a intanet.

Saboda haka kada ka sayi mai kuskure don ka ga hotonsa. In kuɗin masu nauyi ne, nemi wanda kamfanonin tantance sulalla, PCGS ko NGC, suka tantance suka rufe a roba, mai lambar da za ka iya dubawa a shafinsu, ka kuma gwada hoton da ke can da abin da ake nuna maka, don robar ma ana yin jabunta. Suna auna lafiyar kuɗi daga 1 zuwa 70. Ya fi tsada, amma ka san abin da ka saya.

Na'urar tono iri-iri ce, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne sayen irin wadda masu neman zinariya ke amfani da ita a Djado ta Nijar ko Sudan. Waɗancan, da yawansu na tsarin PI ne: suna ji da nisa cikin ƙasa, amma ba su iya bambanta kwabo da ƙusa sosai. A kufai ko tsohuwar kasuwa, za ka wuni kana tono murfin kwalba da guntun langa. Mai neman sulalla na'ura mai tsarin VLF yake bukata, ko wadda ke aiki da zangon sigina da yawa a lokaci guda, domin suna nuna lamba a allo da ke ba ka hasken irin ƙarfen kafin ka sa diga. Garrett ACE na Amurka da Nokta Simplex na Turkiyya na 'yan koyo ne, Minelab Equinox kuma ta fi su ƙarfi da tsada. Abin da za ka tambaya kafin komai shi ne ko na'urar na barin ka daidaita ta da ƙasar wurin, domin jan ƙasarmu mai marmara cike take da sinadarin ƙarfe, kuma na'urar da ba ta da wannan sai ta yi ta ƙara a banza. Tambayi batir ma: wadda ake caji, ko mai cin batirin rediyo? Ga mai fita daji, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Su kuwa masu eriya da ake cewa suna hango dukiya daga kilomita, ko kallonsu kada ka yi.

Kafin ka biya, ka san cewa doka ta shigo ciki. A Ingila, inda wannan sha'awa ta yi ƙarfi, dokar 1996 ta wajabta kai rahoton abin da ya shiga sahun taska cikin kwana 14. A Najeriya kuma, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa ta hana tono don neman kayan tarihi ba tare da izininta ba. Gindin ganuwa, maƙabarta da tsofaffin kufai masu tarihi ba wurin gwada na'ura ba ne. Gonarku ko filin gidanku ya isa koyo, in kuma na wani ne, sai ka nemi yardarsa, ku yi magana tun farko a kan yadda za a raba abin da aka samu.