Keken ƙarfe mai birkin sanda: abin da yake iyawa a hanyar ƙauye

Kafin babur ya yawaita, wannan baƙin keken ne ya rage wa mutanen karkara tafiyar ƙafa da ɗaukar kaya a ka. Tushensa keken Rover ne da John Kemp Starley ya fitar a Ingila a 1885, sai tayar iska ta Dunlop ta biyo baya a 1888. Kamfanin Raleigh ya yaɗa shi a duniya, kuma kamfanonin Hero a Indiya da Phoenix da Flying Pigeon a Sin suka ci gaba da ƙera shi kusan yadda yake.

Alherinsa yana ga ƙafafu. Tayarsa inci 28 ce, tana haye rami da tsakuwa ba tare da ta jijjiga kaya ba. Nauyinsa ya kai kilo 20, amma ƙarfe ne da mai walda zai iya ɗinkewa idan ya tsage. Giya ɗaya gare shi, don haka abin lalacewa kaɗan ne. Mai yawan ɗaukar buhu ya canza ƙaramin haƙorin baya da sarƙa ke hawa, daga mai haƙora 18 zuwa mai 20 ko 22. Gudu zai ragu, gwiwa za ta huta.

Birkin ne babban aibinsa. Sanduna ne ke jan roba ta kama cikin rim, to idan rim ya jiƙe ko ya ɗan karkace, kamun ya tafi. A gangara da kaya lokacin damina, gara a sauka a tura. Yashi mai zurfi ma ba ya raga masa.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne ƙusar da ke riƙe hannun feda. Da guduma ake zaunar da ita, noti riƙo kawai yake yi. Wanda ya ce zai ja ta da sifana zai cinye zaren ƙusar da noti ke bi, feda ta fara ƙwas-ƙwas a kowane juyi.

Sabo daga kwali yakan zo da ƙarancin giris da wayoyin ƙafa a sake. Kafin a ɗora masa kaya, a buɗe tsakiyar ƙafafu da wurin feda a cika giris, a ɗaure wayoyin daidai, sannan a sake duba su bayan makon farko.