Boris rufaffe ko mai cin giris a injin yankan ciyawa

Malam, ka ce boris ɗin injin yankan ciyawarka, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sanda ke juyawa a ciki, yana zafi, kana tambayar wanne za ka saya. Tsakanin boris ɗin da ya zo a rufe da wanda ake ɗura wa giris, ɗauki rufaffen, wanda za ka ga an rubuta 2RS a bayan lambarsa. Amma kafin ka fitar da kuɗi, ka gano abin da ke sa na yanzu zafi, in ba haka ba sabon ma zai ƙone.

Rufaffen ne a kan sandar fulin injina, shekara uku ke nan ban kwance shi ba. Ranar da na ɗaura shi, na yi yankan awa guda na tsaya, na kashe tarakta, na jira komai ya daina juyawa, sannan na ɗora tafin hannu a gidansa gabana na faɗuwa. Ɗumi kawai na ji, irin na jikin mutum. Wallahi sai da na yi hamdala a fili. Dalilin kuwa a bayyane yake: 2RS na nufin roba ta rufe shi gaba da baya, giris ɗinsa daidai awo daga kamfani, ƙura da ɓurɓushin ciyawa ba su da ƙofar shiga. Kar ka yarda a ba ka mai ZZ a ce duk ɗaya ne. Murfin ZZ ƙarfe ne da bai manne ba, ƙura mai laushi tana ratsawa. In kuma tsohon naka yana da C3 a lambarsa, sabon ma ya zama C3, don shi ne mai ɗan sarari a ciki da ke ba ƙarfe wurin buɗewa idan ya ɗau zafi.

Mai cin giris ɗin, to, yana aiki a hannun wanda ya san awo. Ni dai na yi nadamar sayensa. Da na ji ya yi zafi sai na ƙara masa giris, ya ƙara zafi na sake ƙarawa, har robar ta balle. Ashe yawan giris kansa zafi yake haifarwa, domin ƙwallayen suna ta dama shi ba su da wurin tura shi. Haɗa giris iri biyu ma ɓarna ne, wani sa'in sai ya tsinke ya tsiyaye.

Ga abin da za ka duba a naka. Fara da igiyar ɗaurin ciyawa ko waya da ta naɗe sanda, ita ce babbar mai cin roba, kuma sau da yawa ba ka ganinta sai ka leƙa da tocila. Sai bel: in an ja shi ya wuce ƙima, boris ne ke ɗaukar nauyin. Sai wuƙaƙe. Faifan da ke ɗauke da wuƙaƙen irin wannan inji yana juyawa wajen sau 3,000 a minti, saboda haka wuƙa ɗaya da ta karye ko ta fi 'yar'uwarta cinyewa ta isa ta girgiza sandar har boris ya mutu. A canza su tare. In kuma zafin daga akwatin giyar da ke ƙarƙashin faifan yake, auna mai, cika shi fiye da layi yana dafa shi kamar yadda ƙarancinsa ke yi. Hannu ba ya jure fiye da digiri 60 sai 'yan daƙiƙu, amma abin da ya fi faɗa maka gaskiya shi ne ka gwada zafin boris ɗin da na maƙwabcinsa. Wanda ya fi sauran zafi shi ne mai laifi. Kar ka ci gaba da aiki da shi cikin busasshiyar ciyawa, gobara ake magana.

Wajen ɗaurawa, kar a bari makanike ya dake shi da guduma a zoben waje yana tura shi kan sanda. Ƙwallayen suna lotsa hanyarsu tun kafin ya fara aiki.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa: jabu ya yi yawa. Ana kwaikwayon manyan sunaye irin SKF da NSK har da kwalinsu, wasu kuma tsohon boris suke wankewa su cusa masa giris su naɗe a leda. Je da naka tsohon a hannu, ka haɗa lamba da lamba. Ka juya sabon kusa da kunnenka, in ka ji ƙaras-ƙaras ko ka ga zane a zoben ciki, ajiye masa kayansa. Wanda ya ƙi rubuta maka rasit da lambar boris ɗin a jiki, wuce shagon gaba.