Tururin fetur da rijiyoyin Yamai

Ƴan uwa na Yamai, ina gaisuwa, da fatan kowa da iyalinsa lafiya. Kullum tambayar da ake yi wa mu da ke Amurka ita ce nawa ake sayar da litar mai a nan. Farashi yau ya hau gobe ya sauka, babu wani labari a cikinsa. Labarin yana ƙarƙashin daɓen simintin gidan mai, inda tanki yake binne, kuma masu gidajen mai da masu rijiya da foraj a gida su ne suka fi kowa bukatar jin sa. A jihar Kalifoniya ana iya tsayar da cinikin gidan mai a fasa daɓensa alhali littafinsa bai nuna ɓatan ko lita ɗaya ba, don kawai tururin fetur yana sulalewa cikin ƙasa.

Ga yadda ake gwajin gano inda tururin ke fita. Ma'aikaci zai killace wurin, a daina sayar da mai, ya buɗe murafan ƙarfen da ke kan daɓe. Sai ya tura iskar naitirojin cikin sararin da ke saman man a tanki, matsi ɗan kaɗan, daidai nauyin ruwa mai tsayin santimita 5. Ya rufe, ya zuba wa agogon awo ido minti 5. Idan allurar ta sauka fiye da ƙa'ida, akwai kafa. Daga nan sai ka ga babban mutum ya durƙusa da gorar ruwan sabulu, yana fesa wa kowane murfi da kowace mahaɗar bututu. Inda kumfa ta taso, nan ne. Sau da yawa zoben roba ne na murfin sandar awo ya bushe ya tsage, ko ɗan bawul ɗin bokitin tarar tsiyaya bai zauna daidai ba, ko an ɗaura bututun numfashin tanki ba a matse shi sosai ba. Abin da kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba. Idan laifin babba ne kuma mai wurin ya ƙi gyarawa, hukuma tana ɗaura jan tambari a bakin tankin, kuma babu direban tankar da zai yarda ya sauke masa mai sai an cire.

Me ya sa ake wannan tsanani a kan abin da ido ba ya gani? Fetur ba ya zama shiru a tanki. Sararin da ke samansa cike yake da tururi, kuma duk litar da ta shiga sai ta kori litar tururi. Tankar da ta sauke lita 30,000 ta kori tururi lita 30,000 ke nan. A nan tanka tana zuwa da mesa biyu, ɗaya ta sauke mai, ɗaya ta kwashe tururin ta mayar cikin motar. A saman bututun numfashi, wanda tsayinsa ya kai mita 3 da rabi, akwai bawul da ba ya buɗewa sai matsi ya kai wani mataki. To in akwai ƴar kafa a saman tankin, tururin ba zai jira bawul ba, ta nan zai bi ya shiga yashi da tsakuwar da aka cike ramin da su. Ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka ƙasa yake yi. Can sai ya narke cikin damshin ƙasa, ruwan sama ya zo ya tura shi zuwa ruwan da rijiyoyi ke sha.

Su ma Amurkawan sai da suka sha wuya suka gane. Shekara da shekaru suna binne tankunan baƙin ƙarfe tsirara, tsatsa tana ci. A 1984 majalisarsu ta yi doka, a 1988 hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar da ƙa'idoji, aka ba kowa wa'adi zuwa Disamban 1998 ya gyara tankinsa ko ya rufe. Wuraren da aka tabbatar mai ya zuba a ƙasar sun haura 500,000. A 1996 birnin Santa Monika na Kalifoniya ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwan shansa saboda sinadarin MTBE da ake haɗawa da fetur, wanda ya tsiyayo daga gidajen mai, kuma sai a 2010 manyan rijiyoyin suka dawo aiki. Bayan an sabunta tankuna an ɗauka magana ta ƙare, sai binciken da hukumar ruwa ta Kalifoniya ta sa aka yi a farkon shekarun 2000 ya nuna fiye da rabin wuraren da aka gwada suna fitar da tururi, alhali yoyon man kansa kusan babu. Shi ya sa daga Yulin 2004 duk sabon tanki a jihar sai ya zama mai bango biyu, shi da bututunsa, da na'urar da ke sa ido a tsakanin bangon biyu dare da rana, ba ruwan mai kawai ba, har tururi.

Kada a ɗauka komai na nan daɗi ne. Kai za ka fito cikin sanyi ka zuba wa kanka mai, bayan ka biya ta kati ko ta bayan gilashi. Bakin mesar Kalifoniya yana da wata roba mai lanƙwasa da sai ka danna ta da ƙarfi a bakin tankin mota, in ka sassauta kaɗan ta katse. Babu mai ce maka sannu da zuwa, babu yaron da zai leƙo ya ce Alhaji a cika ne, balle a ɗaga maka ƙafa zuwa ƙarshen wata. Mutum yakan tuna gidan man unguwa da yamma, ƴan kabu-kabu sun yi layi, mai shayi a gefe, kowa ya san kowa. Amma a wannan wurin mai daɗin zama ne za ka ji warin fetur ya cika hanci tanka tana saukewa, ana hira, wani ma da sigari a hannu, kuma ba wanda ya ɗauki warin a bakin komai. Wanda ya ga abin da ya faru kusa da filin jirgin sama a watan Mayun 2019, lokacin da tankar mai ta faɗi ta kama wuta ta ci rayuka fiye da 50, Allah ya jiƙansu, ya san tururin nan ba abin wasa ba ne. Kashi 1.4 cikin ɗari kawai yake bukata a cikin iska ya kama.

Wuta aƙalla ana ganin ta. Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Duk fetur, na matatar Zinder ne ko na ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalba, yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikirogiram 10 a lita, Amurka ta sa 5. Ku yi lissafi da kanku: litar fetur mai benzin kashi 1 cikin ɗari tana da kusan giram 9, wanda ya isa ya kai lita 880,000 na ruwa bakin iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa kuwa ya kai lita 1,500 a shekara. Kuma benzin yana wuce iyakar tun kafin harshe ya ji wani ɗanɗano.

Wani zai ce ai ruwan pampon Yamai daga kogin Kwara yake, ta Gudel. Haka ne. Amma unguwanni nawa ne pampo ba ya isa sai tsakar dare? Gida nawa ne suka haƙa foraj, masu ruwan leda nawa ne suke ja daga ƙasa, ƴan garuwa daga ina suke cika bido idan an ɗauke ruwa? A gefen Gunti Yena da Saga da Harobanda ruwa ba shi da nisa, wani wurin mita kaɗan ka tarar da shi. Ga shi ana gina gidan mai katanga ɗaya da gidan mutane, wani lokacin ma mai gidan man ne da kansa zai haƙa foraj a harabar don wankin mota, maƙwabta su riƙa ɗiba yana samun lada. Niyya mai kyau ce, amma famfon foraj yana jawo ruwan da ke kewaye da shi zuwa gare shi, har da wanda ya gurɓata, kuma in ba a toshe gefen bututunsa da siminti daga sama ba, shi kansa ya zama hanyar da dattin zai bi ya sauka. Ko ruwan pampo bai tsira ba idan baƙar mesar roba ta ratsa ƙasar da ta jiƙe da fetur, domin benzin yana ratsa irin wannan robar ba tare da ta fashe ba.

Alhazai masu gidajen mai, ku yi haƙuri da ni, akwai halin da ya kamata a bari. Idan awo ya nuna gibi sai a ce zafi ne ya sha, ko a zabtare albashin yaron da ke zuba mai. Gaskiya ne fetur yana kumbura yana tsukewa, kusan lita 1 cikin 1,000 a kowane digiri. Man da ya sha rana a hanya, ya shiga tanki mai sanyi ya sauka da digiri 10, a lita 30,000 zai ragu da kamar lita 300. Amma wannan gibin yana zuwa ne bayan saukewa ya tsaya. Gibin da ke maimaituwa kullum ta fuska ɗaya, ko an sauke mai ko ba a sauke ba, yoyo ne. Gane bambancin ba ya bukatar kwamfuta: a tsoma sandar awo kowace rana a lokaci guda, a rubuta abin da ya shiga da abin da famfo ya fitar, a haɗa a ƙarshen wata. A shafa man gano ruwa a ƙasan sandar, wanda ke sauya launi idan ya taɓa ruwa. In ruwa yana ƙaruwa a gindin tanki bayan an yi ruwan sama, ta inda ya shiga ta nan mai da tururi suke fita. Gwajin dare ma yana da amfani: a rufe famfo, a auna, a sake aunawa da asuba kafin a fara ciniki.

Sauran abubuwan na lokacin gini ne. Tankin da aka walda a bakin titi aka shafa masa kwalta ba zai daɗe ba, musamman in an cike ramin da ɓaraguzan gini masu karce fenti. Yashi mai tsabta ko ƙananan tsakuwa ake sawa. Tankin ƙarfe yana bukatar dunƙulen tutiya ko maganiziyam a haɗe da shi, tsatsa ta ci su ta bar tankin, kuma a nan duk shekara 3 ake auna ko suna aiki. A ɗaure tankin da ɗamara a jikin siminti, domin a damina irin ta 2020 da 2024, idan ruwan ƙasa ya taso, tankin da babu mai sosai a ciki yakan yunƙuro sama ya tsinke bututunsa. Kada a cika shi fiye da kashi 95 cikin ɗari. A sa bokitin tarar tsiyaya a bakin da ake saukewa, domin ɗan abin da ke zuba daga mesa duk saukewa, shekara goma, ya isa ya ɓata ƙasar wurin. Sannan a haƙa ƙananan ramukan dubawa a kusurwoyin ramin tankin, da bututu mai huji da murfi, a riƙa buɗewa duk wata ana dubawa. A nan dole mai sayar da fetur ya nuna yana da inshora ko asusun da ya kai dala miliyan 1 saboda irin wannan ɓarna, domin tsotse tururi daga ƙasa da tace ruwa aikin shekaru ne.

Wanda kuma rijiyarsa ke kusa da gidan mai, ko kusa da inda ake ajiye durom-durom na ruwa-ruwa, idan ya ji wari ko ya ga wani maiƙo mai launi-launi a saman ruwan, ya daina sha da girki da shi nan take, ya sanar da maƙwabta da ma'aikatan ruwa. Tacewa da ƙyalle, alam da ƙwayar kulorin duk ba sa cire benzin. Tafasawa a ɗaki tana mayar da shi cikin iskar da mai girki take shaƙa. Matatar gawayi da aka sarrafa musamman tana kama shi, amma tana cika, sai an riƙa sauyawa. In za a kai ruwan awo, a nemi a duba benzin da danginsa takamaimai, domin awon ƙwayoyin cuta da aka saba yi ba ya nuna shi. A ɗebi ruwan a ƙaramar kwalbar gilashi, ba gorar roba ba, a cika ta maƙil ba tare da kumfar iska ko ɗaya ba, a rufe, a sa cikin ƙanƙara, a kai cikin mako guda. In an bar sarari a kwalbar, benzin ɗin zai gudu cikinsa, sakamako ya fito da kyau alhali ruwan bai da kyau.